Makullan Baba Sito

Da ƙarar makullai Auta ta gane shi.

Kafin nan ba ta san wa aka juya wa baya ba. Tana tsaye ne a layin matan sashen zare, a filin da ke gaban masaƙar barguna, kowacce da fostar Sakatare a hannu. Shi kuwa Sakataren ƙungiyar ma'aikata yana bisa bayan a-kori-kura, riƙe da makirufo, yana faɗin abin da zai yi in suka tura shi majalisar dokokin jiha. Maganar yatsun da inji ke cinyewa yake yi, a sallami mutum da "Allah Ya ba da lafiya" kawai.

Sai ta ga ta hannun damanta ta juya. Ta hagunta ma ta juya. Ita ma ta juya, kamar yadda ido ke ƙiftawa ba da shawarar kowa ba.

Haka dokar take a masaƙar tun yajin aikin bara waccan. Duk wanda ya shiga aiki lokacin da 'yan'uwansa ke zaune a waje da yunwa, ba a zaginsa, ba a dukansa. Baya kawai ake juya masa. In na kusa da kai ya juya, kai ma ka juya, ba waiwaye, ba tambayar ko wane ne. Sakatare da kansa ya kafa ta haka, don kada wani ya ga fuskar ɗan'uwansa zuciyarsa ta karye.

Filin ya yi tsit. Lasifika ta yi shiru. A cikin shirun nan ne ta ji shi: kacau, kacau, da jan ƙafar hagu a ƙasa.

Makullan sito ne. Tun tana rarrafe take jin su a ƙugun mahaifinta.

Auta ta ƙanƙame fostar hannunta. Ai ita ta kira shi!

Baba Sito yana cikin 'yan ƙalilan da suka shiga aiki a wancan yajin. Bai ɓoye dalilinsa ba. Ya ce tsohon mai masaƙa ne ya ɗauko shi yana saurayi ba shi da ko tabarma, ya damƙa masa makullai, ba zai iya ajiye su a ƙasa ba. Sauran da suka shiga, wasu sun roƙi gafara a taron ƙungiya, wasu sun bar aikin. Shi ya ƙi. Kullum da safe ta tsakiyar bayan mutane yake ratsawa. Auta kuwa sai ta koyi sammako, ta bi ta ƙaramar ƙofar baya, don kada ranar ta riske ta a layi.

Da Sakatare ya nuna yana son ta da aure, amsar Baba ɗaya ce: "Wanda ya koya wa mutane su nuna mini ƙeya ba zai zauna a tabarmata ba."

Wata da watanni tana lallashi. Ta yi kuka, ta yi shiru, ta ƙi cin abinci, ta dawo ta ci. Sai jiya, yana ɗaura agogo, ya ce ba tare da ya kalle ta ba, "Uwata, gobe zan zo in ji bakin mutumin naki. In na ji magana ta hankali, to."

Da gudu ta kai wa Sakatare labari. Ya ce, "Bar mini wannan. Zan yi magana da su Dogo, jagororin kamfe ɗina, ba wanda zai juya."

Ga shi kuwa kowa ya juya.

Kacau. Kacau. Ƙarar ta matso, ta matso, ta tsaya daidai bayanta. Har ƙamshin turaren da yake sa wa farar rigarsa ta fita unguwa ta ji. Mayafin da ke kanta ma shi ya sayo mata.

Juyawar farko kuskure ce, kowa zai iya yi. Amma yanzu ta sani. Wuyanta kawai za ta karkata ta ce, "Baba, sannu da zuwa." Sai ta saci kallon matan da ke gefenta, ta ga bakunansu a tamke, ta tuna ranar da suka raba kwanon abinci ɗaya su da yawa a bakin ƙofar nan. Ƙafarta ta ƙi motsi.

Ta tsaya. Allah Ya gani, ta tsaya da bayanta.

Can sai aka ji an buɗe ƙofar mota, wata murya mai santsi ta ce, "Haba Baba! Babba kamarka a rana? Shigo in kai ka gida."

Ɗan Kwangila ne, wanda motocinsa ke kwasar bargunan masaƙa, na hannun daman ɗan majalisa mai ci. Ya daɗe yana aike gidan su Auta neman aurenta, tana mayarwa.

Kacau, kacau, makullan suka yi nisa. Ƙofar mota ta rufe. Lasifika ta yi tari, muryar Sakatare ta dawo:

"To 'yan'uwa, kamar yadda nake cewa…"

* * *

A bakin famfo ta tarar da Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifiyar Auta. Gwaggo ba ta ɗago daga kwanukan da take wankewa ba.

"A'a, matar ɗan majalisa! Sannu da dawowa. Juyo mana mu ga bayan, an ce ya yi kyau a fili."

"Gwaggo, don Allah…"

"Don Allah me? Mutumin da ya goya ki a kafaɗa ya kai ki makaranta! Da asuba ya sa ni goge masa riga, yana cewa kada ya kunyata Uwarsa a gaban mutane. Ashe uwar ce za ta kunyata ɗa." Ta watsar da ruwan kwano da ƙarfi. "Bare ne ya san darajarsa. Yaron nan har ɗaki ya rako shi, ya cire takalmi tun daga waje. Wannan shi ne ɗan mutunci, ba mai ihu a bayan mota ba."

Auta ta wuce ɗakin Baba.

Baba yana zaune bakin gado, yana ninke farar rigar. A hankali yake yi, hannu bisa hannu, yana shafe kowane ninki da tafinsa. Makullan suna kan teburi kusa da rediyo.

Ta zube a ƙasa. "Baba, wallahi ban gani ba. Ka san dokar, ba a waiwaye. Ban san kai ba ne."

"Na sani ba ki gani ba," ya ce.

Ta ɗago da sauri, zuciyarta ta ɗan sami sanyi.

"Amma kin ji."

Kukan da take dannewa ya ƙwace. Ta kama ƙafarsa, ya janye ta a hankali, ba da fushi ba, kamar mai gudun taka wani abu.

"Na tsaya ina jira," ya ce. "Na ce yarinyar nan ta san ƙarar nan tun ba ta san sunanta ba. Yanzu za ta juyo. Na ƙirga zaren mayafinki ina jira."

"Tsoro na ji, Baba. Tsoron matan nan. Ka doke ni, ka zage ni, ka yi mini komai…"

"Ni ba na dukan babba." Ya buɗe akwati ya sa rigar. "Kullum bayan mutane nake gani, bai taɓa hana ni cin abinci ba. Na ce ra'ayinsu daban, nawa daban, kowa zai amsa nasa. Yau ne kawai na ji ƙafata ta yi nauyi."

"Baba…"

"Ke, saurara." Ke ya ce. Tunda aka haife ta bai taɓa ce mata ke haka tsirara ba, sai Uwata. "Ɗan Kwangila ya nemi izinin turo manyansa jibi. Na ce su zo. Ban yi masa alkawari ba, kuma ba zan ɗaura miki abin da ba kya so ba, shekarunki sun wuce nan. Amma wancan, kada ki ƙara kawo mini maganarsa. Na je in ji bakinsa. Na ji."

"Ai bai ce komai ba, Baba."

"Shi na ji."

Ya rufe akwatin.

* * *

Rana ta kusa faɗuwa aka ce ana sallama da ita. Sakatare ne, ya bar motar kamfe can bakin titi ya tako da ƙafa. Ya cire hular da ke da hotonsa ya cusa a aljihu. Muryarsa ta dishe da ihun taro.

Suka tsaya jikin katanga, kowa yana kallon ƙasa.

"Ka gaya wa su Dogo?" ta tambaya.

Ya kawar da kai gefe.

"Ka gaya musu Baba zai zo?"

"Na yi niyya. Wallahi na yi niyya. Na kira Dogo gefe, na buɗe baki, sai ya fara lissafa mini unguwannin da muka samu, yana murna… Sai na ce a raina, dattijon nan ba zai zo ba. Me zai sa in tayar da rigima kan abin da ba zai faru ba?"

"Da ka gan shi fa? Kana sama, kai kaɗai kake ganin kowa. Makirufo yana hannunka. Kalma ɗaya!"

"Na rasa ta."

"Ka juya?"

Ya share goshi. "Na juya… in ɗauki ruwa."

Auta ta yi wata dariya mai hawaye. "Ƙishirwarka ta san lokacin zuwa."

"Ki faɗi duk abin da kike so, na cancanta. Tun ɗazu ban iya haɗa ido da direbana ba." Ya matso kaɗan. "Amma ki duba, zaɓe ya matso. Mutanen nan ba su da komai sai wannan dokar. Ita ta riƙe su lokacin da aka so a saye su ɗaya bayan ɗaya. In na karya ta da bakina saboda zan auri 'yarsa, me za su ce? Za su ce tun bai shiga majalisa ba ya fara ware nasa. Ɗan majalisa mai ci ya koma kujerarsa, maganar diyya ta mutu. Kin san matar nan ta sashenku da inji ya cinye wa yatsu. Me zan ce mata?"

"Gaskiya ka faɗa," ta ce, hawaye na bin kumatunta. "Shi ya sa abin ya fi ciwo. Da ƙarya ka yi da na samu abin da zan tsane ka da shi."

"Ki ba ni lokaci. A gama zaɓe, in zo har ɗaki in durƙusa masa."

"A ɗaki? A ɗaki aka yi masa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Jibi manyan Ɗan Kwangila za su zo."

Ya ɗago kamar an watsa masa ruwan zafi. "Za ki yarda?"

"Ban sani ba. Ba na son sa, ko muryarsa ba na son ji. Amma shi ya buɗe wa ubana ƙofa, ni da kai muna tsaye kamar itatuwa. Da wane baki zan ce ya fi mu sharri?"

"Don ya ɓata ni ya yi! Kamfe yake yi da mahaifinki!"

"Na sani. Mu kuma don me muka yi namu?"

Sakatare, wanda manajoji ke shakkar bakinsa, ya jingina da katanga ya rufe fuska da hannu. 

"Ban fito in sa ka yi komai ba," Auta ta ce, tana goge ido da bakin mayafi. "Laifinka naka ne, nawa ya ishe ni. Ni dai gobe ba zan bi ta ƙofar baya ba. Tare da shi zan shiga, ta babbar ƙofa. Kai kuma ka tsaya inda ka ga dama, ka kalli inda ka ga dama. In ƙishirwa ta taso maka, ka sha ruwa."

Ta shige gida ba ta waiwayo ba. Daga bakin famfo Gwaggo ta ce, "An gama wa'azin? Ko sai mun kawo masa lasifika?"

* * *

Da safe Baba ya fito ya tarar da ita tsaye a bakin ƙofa da kayan aikinta. Ya kalle ta, ya kalli hanya. Ya yi gaba, ta bi gefensa.

Ba ta taɓa lura da yadda ya tsufa ba sai a wannan tafiyar. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Tun daga nesa suka hango filin cike da masu jiran jiniyar shiga. A-kori-kurar Sakatare tana wurinta na kullum, yana bisa yana gaisawa da mutane ta lasifika. Dogo, makanikin da ke jagorantar kamfe, yana raba fosta. Can gefe ƙarƙashin bishiya motar Ɗan Kwangila ce, gilashi a sauke.

Wani ya ji makullai. Ya juya. Na kusa da shi ya juya. Kafin Auta ta haɗiye yawu, filin duka ya zama baya.

Wanda bai taɓa tsayawa a wannan gefen ba ba zai gane ba. Ba zagi, ba jifa, amma sai ka ji kamar an tuɓe ka a kasuwa. Ta ga facin rigar wani da suke gaisawa kullum. Ta ga ɗankwalin ƙawarta, wadda jiya suka sha ruwa a kofi ɗaya. Ashe abin da Baba ke karyawa da shi ke nan kowace safiya, ita tana laɓaɓawa ta ƙofar baya tana ganin dabara ta yi.

Kunya ta rufe ta. Baba kuwa bai rage tafiya ba. Kacau, kacau.

Fuska ɗaya ce ta rage a filin.

Sakatare yana tsaye bisa motar, gorar ruwa tana nan kusa da ƙafarsa. Ya kalli gorar. Ya kalli Auta. Sai ya dafa ƙarfen motar ya diro.

"Sakatare!" Dogo ya yi masa raɗa mai ƙarfi ta gefen baki. "Kana hauka ne? Zaɓe fa! Koma sama!"

Bai saurare shi ba. Ya ratso ta tsakiyar mutane, ya zo gaban Baba Sito, ya cire hula, ya durƙusa har gwiwarsa ta taɓa ƙasa. Makirufon yana hannunsa, bai kashe ba.

"Ina kwana, Baba."

Gaisuwar ta fita ta lasifika, ta bugi bangon masaƙa ta dawo.

"Jiya ka zo bisa gayyata, na san za ka zo, na yi shiru don tsoron ƙuri'a. Yajin aikinmu gaskiya ne, har gobe ina kansa. Amma abin da na yi maka jiya ba yaji ba ne, rashin kunya ne. Ka yafe mini."

Ƙit! Dogo ya zare wayar lasifikar. Ya tsaya yana huci, sannan ya juya wa Sakatare baya.

Sai aka fara jin wata 'yar ƙara, fal, fal, kamar ganye na zuba. Fostoci ne ake saki a ƙasa. Ba duka ba. Auta ta ga matar nan mai guntayen yatsu ta ƙanƙame tata a ƙirji, amma ita ma ba ta juyo ba.

Sakatare ya ɗago ido yana bin bayan mutanensa da kallo, ɗaya bayan ɗaya. Waɗannan ne ya kwana a ofishin 'yan sanda dominsu.

Baba ya daɗe yana kallonsa.

"Tashi," ya ce.

Ya tashi.

"Kada ka kalle su. In ka kalle su za ka fara gane masu rigunan, nan ne ciwon yake. Takalminka za ka kalla. Ka taka a hankali, kada ka yi sauri su ce gudu kake. Haka nake yi."

"To, Baba."

"Ka iya kafa doka, ba ka iya ɗaukarta ba. Za ka koya." Ya gyara makullan a ƙugunsa. "Ka turo kawunnanka. Ko ka ci, ko ka faɗi. In ka faɗi ma ya fi mini, surutun zai ragu."

Can ƙarƙashin bishiya gilashin mota ya ɗaga, motar ta ja da baya ta fice.

Auta ta ji kamar an sauke mata dutse daga ƙirji. Abin da ta shekara tana roƙo, ga shi an ba ta a tsakiyar fili. Hawaye suka ɓalle mata. Ta matso ta kama gefen hannun rigarsa.

"Baba… ni fa? Ni ma ka yafe mini?"

Bai janye hannun ba, amma bai kalle ta ba.

"Shi da bakinsa ya yi mini, da bakinsa ya gyara," ya ce. "Kuma shi ba ni na haife shi ba."

Jiniya ta kaɗa.

"Ke, wuce gaba, kada ki makara. Bayan naki ai na riga na san shi."

Ta wuce gaba. Ta tsakiyar mutane take tafiya, idonta kan takalminta kamar yadda ya koyar. A bayanta tana jin sawun Sakatare, tana jin jan ƙafar hagu, tana jin kacau, kacau. Ta kasa kunne da dukan jikinta ko zai ce Uwata, ko da a hankali, ko da sau ɗaya.

Har ta kai ƙofar sashen zare, makullai kawai take ji.